Ruwan da Kawu Nomau Ya Ƙi Zubarwa

A Agadas na fara gane cewa tafiya da Kawu Nomau sai da haƙuri. Muna zaune a tasha muna jiran kamyon, babbar motar kaya, da zai kai mu iyaka, sai wani shofer, wato direba, ya wanke fuska, ya kurkure baki, ya watsar da sauran ruwan butarsa a ƙasa. Kawu ya miƙe zumbur, ya je ya tsaya a kan mutumin yana tambayarsa ko a garinsu ruwa tsirowa yake yi. Shofer ɗin mutumin Abzin ne, Hausarsa ba ta da yawa. Ya dubi Kawu, ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa ya shige motarsa. Da ƙyar na jawo tsohon na zaunar da shi. Ya daɗe yana kallon inda ƙasar ta jiƙe, har ta bushe.

Kawu Nomau wan mahaifiyata ne, sana'arsa ginin rijiya. A ƙasarmu, tsakanin Mayahi da Kanan-Bakashe, ruwa yana da nisa ƙwarai, sai an ɗaura igiyar guga ga sa ko jaki ya ja ta. Rabin rayuwar Kawu a cikin rami ya yi ta. Shekarar da fari ya gama da mu, hatsi ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, rijiyar garinmu kuma, wadda shi ya gina da hannunsa, ta koma ba da laka. Shi ake ɗaurewa a zura, yana kwarfar taɓo da ƙoƙo, mata na jira a baki tun safe har la'asar. Yana gani shanunsa suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan bai ƙara yin alwala ba sai a gindin itace, don kada ɗigon ya tafi a banza.

Ni kuwa Lawali, ɗan lakwal ne, wato ɗan boko, da ya kai kolej a Mayahi ya tsaya a hanya. Ba abin da na mallaka sai Faransanci da yawan surutu. Soja ke mulki a lokacin. Ana rabon jar dawa ta taimako a ƙofar biro, wato ofishin hukuma, kowa ya bi layi bakinsa a rufe, don ba a san wanda ke saurare ba. Da rabon ya daina kai mu ƙarshen wata, gida ya yanke cewa mu biyu mu yi arewa neman abin da za a aiko, shi da ƙarfinsa, ni da bakina.

Bayan iyaka kamyon ya mutu mana a wani fili da ba itace ba dutse. Shofer ya shige ƙarƙashi da ƙarafunansa, mu kuma muka koma kallon bidunanmu, jarkokin da muka ɗauko ruwa a ciki. Da aka ga abin zai daɗe, fasinja suka haɗa ruwan duka wuri ɗaya suka damƙa wa Kawu, don shi ne dattijo, kuma ba wanda ya ga alamar zai ji tausayin wani. Da murfin bido yake rabo. In ka sha, sai ya karɓi murfin ya karkata shi a kan harshenka har ɗigon ƙarshe ya sauka. Na ƙi jininsa a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. Na roƙe shi da sunan uwata ya ƙara mini, ya ce ƙanwarsa da rai ta ba shi ni, da rai zai mayar mata. Sai daga baya na lura shi rabin murfi yake sha, yana tsotsar ɗan tsakuwa. Ranar da wata mota ta zo da kayan gyara akwai sauran ruwa a gindin bido, kuma ba mu binne kowa ba.

A Tamanraset aka cuce mu, kuma ɗan gida ne ya yi. Wani mutumin Tasawa, Ɗanjuma, ya tare mu a bakin kasuwa da gaisuwar da muka yi kewa. Ya tambayi mutanen Mayahi da sunayensu, ya san kasuwar Kanan-Bakashe har da inda masu tsire ke zama. Ya kai mu ɗakinsa ya dama mana fura, ta farko tun barinmu gida, har Kawu ya share ido da bakin rawani. Ya ce ba a aiki a ƙasar nan ba takarda, mu ba shi katin dantite ɗinmu, na shaidar ɗan ƙasa, ya kai wa wani abokinsa a biro, barguna kuma mu bar su a ɗakin tun da nan za mu kwana. Da muka dawo daga sallah ɗakin na kulle. Mai gidan ya ce shi ma neman Ɗanjuma yake yi.

Muka koma kwana a cikin ƙoramar da ta bushe a bayan gari, tare da wasu irinmu daga ƙasashe daban-daban. Da safe a tsaya a bakin hanya, mota ta zo, mai ita ya nuna wanda yake so da yatsa. Mun ɗauki bulo, mun haƙa masai, mun yi gudu duk lokacin da aka ce ga motar ƴan sanda. Akwai wani mai gidan burodi da ke ajiye mana na jiya a kan taga, bai taɓa ce mana komai ba, mu ma ba mu san sunansa ba. Gajiyar wurin ba ta aiki ba ce kawai. Gajiya ce ta mutumin da kullum yake duba bayansa.

Wani shofer da muka sauke wa kaya ne ya ba mu labarin kamfanin gishiri can arewacin ƙasar, inda ake neman wanda ya san rijiya da wanda ke jin Faransanci, kuma ba a cika tambayar takarda ba. Kawu ya ce ai an kira sunayenmu ke nan. Muka hau saman buhuna, muka yi ta tafiya har rairayi ya ƙare, duwatsu suka fara, sanyi ya shiga ƙashi. Ban san akwai sanyin da ke sa mutum kuka ba sai a hanyar nan.

Da na ji gishiri, na zaci irin na Bilma ne da raƙuma ke kawo mana. Ashe a nan gishirin dutse ne, kwance can ƙarƙashin ƙasa inda ba mai iya sauka. Sai su huda ƙasa su zura bututun ƙarfe har ya kai gare shi, su tura ruwan daɗi da inji. Ruwan ya narkar da gishirin, ya dawo sama ta wani bututun, a shanya shi a kwashe. Matsalar ita ce bututun yana ratsa ruwan da mutanen wurin ke sha suna ba dabinonsu. In ya tsage, ruwan gishiri zai shiga na sha. Saboda haka aka kewaye wurin da wasu ƙananan rijiyoyi, bakinsu bai wuce faɗin tafin hannu ba, waɗanda ba a shan ruwansu, aikinsu kawai su nuna in ɓarna ta taso. Kawu ya ce ramin da guga ba ta shiga ba rijiya ba ne, amma tun da gadi suke yi, muka sa musu suna rijiyoyin gadi.

Mai kula da su Shef Murad ne, wani siririn mutum mai tabarau da kullum yake cikin sauri. Shi ya nuna mana aikin. A zura tiyo, a buga famfon hannu, a yi ta fitar da ruwa ana zuba shi a wani kwarmin siminti da ke gefe har sai ya cika. Sai bayan nan a cika buteli, wato kwalba, a toshe, a kai masa labo, ɗakin gwajinsa, ya auna. Ruwan kwarmin kuwa a bar shi nan rana ta shanye. Ya ce haka za a yi kullum, ba ragi. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba, don wanda ba shi da takarda ba ya yawan tambaya.

Kawu ya tsoma hannu a kwarmin ya ɗanɗana. Ruwa ne garau, mai sanyi, wanda a garinmu mace za ta yini a rana kafin ta sami tulu ɗaya nasa.

"Kai ɗan lakwal," in ji shi, "tambayo mani shi, wanga ruwa mi ya yi da za a ba rana shi?"

Na juya maganar cikin ladabi. Shef yana naɗe tiyo ya ce doka ce. Na ce wa Kawu doka ce. Ya ce sojan gida ma doka suke cewa, amma su aƙalla dawa suke bayarwa. Ranar ya buga famfon fuskarsa na kallon wani gefe.

Rijiyoyin na da yawa, motar Shef kuma ta fi zama a gareji. Da ya ga mun iya, sai ya raba mana. Ni na ɗauki na gabas, Kawu ya ɗauki ta can gangare, wadda ta fi nisa, dab da wani lambun dabino. Shi kuma Shef ya zauna a labo yana jiran buteli.

Lambun na wani tsoho ne da ake kira Ammi Salah. A can duk dattijo Ammi ake ce masa, kamar yadda muke cewa Baba. Ranar farko da muka je wurin tare, muna cikin aiki sai ga shi ya fito da kwanon ruwa a hannu ɗaya, dabino a ɗaya. Bai tambayi ko mu su wane ne ba sai da muka sha. Tun da muka ƙetare iyaka ba wanda ya fara ba mu ruwa kafin ya tambaye mu takarda ko abin da ya kawo mu. Kawu ya sha, ya yi hamdala, ya ce mini wannan mutum an yi masa tarbiyya irin ta gida.

Daga nan lambun ya zama gidanmu na Juma'a. In an sauko daga masallaci mu tafi can, a shimfiɗa tabarma, Ammi Salah ya hura gawayi ya dafa shayi. Shi ba Hausa, Kawu ba Larabci sai na sallah, amma sai su yini suna hira da hannu. In abu ya gagara su kira ni, in haɗa da ɗan Faransancin da tsohon ya tsinta. Matarsa, wadda ba mu taɓa ganin fuskarta ba, ta aiko mana da rigunan ulu da sanyi ya tsananta. Abin da ya fi karya mini zuciya a wurin shi ne ƙanshin ƙasa in an saki ruwa cikin kwalbatin lambu. Ƙanshin ruwan farko ne na gida, sak. In ya taso sai hira ta mutu, kowa ya kama kallon gabansa.

A tsakiyar lambun akwai rijiya da mahaifin Ammi Salah ya gina da dutse. Ita ce shansu, ita ce ta awaki, ita ce ta dabino. Kawu ya leƙa ta ya yi ta kaɗa kai, ya ce wanda ya gina ta gwani ne. Da ya ga wasu duwatsu sun zame daga gefe, ya sa aka ɗaure shi da igiya ya sauka ya gyara, ya ƙi karɓar komai. Da ya fito ya ce mini ruwanta da na rijiyar gadinsa uwarsu ɗaya, ya gane a baki.

Ban yi mamaki ba da na ji ya fara kwasar ruwan kwarmin da bido yana kai wa awakin tsohon da ƙananan dabinonsa. Wata rana motar Shef ta tashi, ya biyo ya iske shi da bido a ka. Ban taɓa ganin ran mutumin ya ɓaci haka ba. Ya sa aka kira ni in fassara. Ya ce ruwan rijiyar gadi ba ya shiga bakin mutum, ba ya shiga na dabba, ba ya taɓa saiwar itace, don ranar da zai lalace ba wanda zai sani sai labo ta faɗa. In ya sake, ya tattara kayansa. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce to.

Bayan nan sai na ga ya sami kwanciyar hankali. Ya daina ƙorafi, yana dawowa daga aiki da wuri, har yana tsokanata wai ƙafafun ɗan lakwal ba su da sauri. Butelinsa kullum a cike, a toshe, Shef ya auna ya ce lafiya lau. Na ɗauka ya saba ne. Sanyi ya wuce, zafi ya zo ya wuce, muna aika abin da ya samu gida ta hannun masu komawa.

Shayi ne ya fara tona abin. Wata Juma'a Ammi Salah ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya zubar ya sake dafawa, ya ƙara sukari, duk da haka bai yi ba. Ya ce matarsa ma tana ƙorafi sabulu ya daina kumfa, kuma dabinon da ke ta gefen kamfani bakin ganyensu ya fara rawaya. Kawu ya tashi ya jawo guga. Ya riƙe ruwan a baki ya daɗe kafin ya haɗiye. Da muka koma ɗaki, ko tuwon dare bai taɓa ba.

Tsohon ya roƙe ni in gaya wa Shef, na gaya masa. Shef ya ce ba zai yiwu ba, rijiyar gadin da ke tsakanin lambun da kamfani ba ta taɓa nuna komai ba. Amma washegari da safe ya ɗauko ɗan injinsa mai allura, wanda ake tsomawa a ruwa ya nuna yawan gishiri, muka tafi mu uku. Ammi Salah ya fito ya tsaya a gefe da tiren shayinsa.

Kawu ya kama famfo. Ruwan farko ya fito, Shef ya tsoma inji, allura na kwance. Kawu ya buga kaɗan ya tsaya, hannunsa ya kai ga buteli kamar yadda ya saba. Shef ya ce ya ci gaba. Ya ci gaba. Kwarmin ya kai rabi, sai allurar ta fara ɗagawa a hankali. Kafin ya cika ta tafi can ƙarshe ta tsaya. Shef ya tsoma yatsa ya kai baki, ya tofar. Kawu ma ya tara hannu a bakin tiyo ya ɗanɗana, sai ya saki famfon.

"Ban taɓa barin shi ya kai nan ba," in ji shi.

Na ce me yake nufi. Ya ce tun ranar da aka hana shi kai ruwan lambu ya zauna ya yi tunani. Ruwan rijiyar gadi da na rijiyar tsohon ɗaya ne. Duk kwarmin da ya cika ya ba rana, daga bakin Ammi Salah da awakinsa ya ɗebe shi. Tun da ba a yarda ya bayar ba, shi kuma ba zai iya zubarwa ba, sai ya riƙa cika buteli da ruwan farko, ya bar sauran a ƙasa inda Allah ya ajiye shi.

"Ajiya na yi mashi, Lawali. Hwaɗa ma Shef yadda na hwaɗi, kada ka gyara."

Na so in gyara, don na san korar mu za a yi, amma yana tsaye yana kallon bakina. Na faɗa yadda ya faɗa.

Shef bai yi faɗa ba. Ya zauna a gefen kwarmin ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Can ya ɗauki kofin shayi daga tiren tsohon, ya zuba ruwan gishirin rabi, ya tsiyaya ruwan daɗi a kai a hankali ta bayan cokali, ya miƙa wa Kawu ya ce ya kurɓi sama. Kawu ya kurɓa, ruwa lafiya. Ya ce ya ƙara. Ya ƙara, ya ji gishiri. Shef ya ce ruwan gishiri nauyi gare shi, ta ƙasa yake rarrafe, na daɗi na kwance a kansa. Ruwan da ke tsaye a saman bututu tsohon ruwa ne, bai san abin da ke tafiya a ƙasa ba. Sai an fitar da shi duka sannan na ƙasa ya hau ya ba da labari. Dalilin kwarmin ke nan.

Kawu ya yi rabin ransa a cikin rijiya, amma a ƙasarmu ba gishiri a ƙarƙashin ruwa, ruwan sama da na ƙasa duk ɗaya ne. Bai taɓa gamuwa da wannan ba. Ya tambaya in da an gani da wuri fa. Shef ya ce da an rufe bututun da ya tsage, an janye gishirin tun bai kai lambu ba. Sannan ya ƙara da cewa da shi ma ya tsaya ya faɗa mana dalili ranar da aka tambaye shi. Ammi Salah ya matsa sai an gaya masa abin da ake cewa. Da na gama, ya dubi rijiyarsa, ya dubi Kawu, ya ɗaga tafin hannu sama ya ce rubutacce ne. Ya ɗauki tirensa ya shiga gida.

Aka gano bututun da ya tsage aka rufe shi. Shef bai kai sunan Kawu gaba ba. Ya ce wa manyansa shi ne bai bi sawun aiki ba, ba a jima ba aka ɗauke shi aka kawo wani. Ko sallama ba mu samu yi da shi ba, kuma har yau abin na damuna.

Kamfani ya haƙa manyan rijiyoyi tsakaninsa da lambuna don a janyo ruwan gishirin baya. Injuna suna aiki ba tsayawa, tiyo mai kaurin cinya yana aman ruwa a wasu manyan tafkuna na siminti, na gishiri da na daɗi a gauraye, duk a bar wa rana. Kawu da kansa ya nemi a sa shi gadin wurin. Sai ya yini a tsaye a bakin tafkin yana kallo. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, ya daina tsokanata. Na ce ya riƙa zama a inuwa, inji ba ya bukatar a kalle shi. Ya ce a'a, ya ƙi zubar da kwarmi, ga shi yana zubar da tafki, to bari ya gani da idonsa. Juma'a kuwa daga masallaci sai ɗaki. Bai ƙara taka lambun ba, ko da tsohon ya aiko, kuma ya sha aikowa.

Janyewar ta yi amfani, lambunan da ke can gaba sun tsira. Amma rijiyar Ammi Salah ita ce ta farko a hanya, kuma an makara. Sabon shef ya ce za ta daɗe ba ta dawo ba, ƙila ba a zamanin tsohon ba. Dabinon gefe suka bushe daga sama. Ya sayar da yawancin awakin. Motar sitan ta kamfani ta riƙa kawo masa ruwa tana cika masa ganguna a ƙofar gida, mutumin da mahaifinsa ya bar masa rijiya.

Da maganar ta kai babban birni aka ce masu bincike na zuwa, sabon shef ya kira duk marasa takarda ya ce mu yi nisa kafin su iso. Ban ji haushi ba. Na gaji da ƙasar, na gaji da sanyinta, na gaji da ganin Kawu yana ƙarewa a tsaye. Mun kuma ji daga masu zuwa cewa an yi ruwa a gida, hatsi ya yi kai.

Ranar tafiya, bayan la'asar, Kawu ya sa rigar ulun da aka ba shi ya ce mu je mu yi sallama. Muka iske Ammi Salah zaune a gindin dabinon da suka rage. Ya tashi da sauri ya rungume Kawu, yana ta magana da Larabci, na ji dai yana cewa an daɗe. Ya shiga ya fito da kwanon nan na ranar farko, cike da ruwan ganga, ya miƙa.

Kawu bai karɓa ba. Ya ce in gaya masa na rijiya yake so. Tsohon ya girgiza kai, ya ce ko awaki sun ƙi shi. Kawu ya karɓi kwanon, ya juye ruwan cikin ganga a hankali ba tare da ya ɗiga ba, ya nufi rijiyar. Igiyar ta bushe don an daɗe ba a taɓa ta ba. Ya zura guga, ya jawo, ya cika kwanon, ya tsuguna ya yi bisimilla.

Na san ruwan nan, na taɓa ɗanɗana shi na kasa haɗiyewa. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, idonsa ya kawo ruwa. Da ya kai rabi Ammi Salah ya kama gefen kwanon zai karɓe ya zubar da sauran. Kawu ya riƙe da hannu biyu. Suka tsaya haka, tsofaffi biyu da kwano ɗaya. Can tsohon ya saki, ya juya baya yana share fuska da hannun riga.

Kawu ya shanye. Ya karkata kwanon a kan harshensa har ɗigon ƙarshe ya sauka, sannan ya kife shi a bakin rijiyar, ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Mu tahi, Lawali," in ji shi. "Gida da nisa."